Gwaji ya ci, hanya ta lotsa: ina amfanin ƙididdiga a aikin titi?

Tambaya: "Ina aiki a ɓangaren gwaje-gwaje na wani aikin hanya a nan jihar Kebbi. Takardar kwangila ta ce a danne burji har ya kai kashi 95 cikin 100 na abin da aka samu a ɗakin gwaji. Duk ramin da muka haƙa yana cin gwaji, matsakaicinmu ma yakan kai 98. Amma akwai sashen da aka yi bara, shi ma haka aka ce ya ci, damina ɗaya ya lotsa. An koya mana ƙididdiga a makaranta, ban ga inda take shiga aikin nan ba. Tana da amfani kuwa, ko lissafin takarda ne kawai?"

Amsa:

Ƙanena, tana da amfani ƙwarai, kuma abin da ka gani da idonka a wancan sashen shi ne dalilin da ya sa aka shigo da ita aikin hanya tun farko. Hanya ba ta lalacewa a matsakaicinta. Inda ta fi rauni nan take fara buɗewa, ruwa ya samu ƙofa, tayar tirela ta ƙarasa sauran. Idan mita 90 sun dannu sosai, mita 10 kuma an bar su sako-sako, direban da ya ɗauko shinkafa daga Argungu ba zai tsallake goman nan ba don matsakaici ya yi kyau. Saboda haka "nawa ne matsakaici?" rabin tambaya ce. Sauran rabin ita ce: kashi nawa na wannan shimfiɗar ke ƙasa da iyaka, har da wuraren da ba mu haƙa ba?

Ka fara duba ƙanƙantar abin da muke gani. Sashe mai tsawon mita 500 da faɗin mita 7.3 ya kai murabba'in mita 3,650. A cikinsa kuna haƙa rami uku ko biyar, kowanne bakinsa bai wuce tafin hannu biyu ba. A ce kashi 20 cikin 100 na sashen nan bai dannu ba. Ko da ƙuri'a aka zaɓi wuraren, damar ramuka uku su kauce wa mummunan wurin gaba ɗaya ita ce 0.8 sau 0.8 sau 0.8, wato 0.51. Ka ga fiye da rabin lokaci za ka sa hannu a kan aikin da kashi ɗaya cikin biyar nasa bai yi ba, kuma ba ka yi ƙarya ba. Da ramuka biyar damar takan sauko zuwa 0.33. Idan ɓarnar kashi 10 ce, ramuka biyar za su kauce mata da damar 0.59. Wannan fa idan ƙuri'a ce ta zaɓi wurin ke nan.

A mafi yawan ayyukanmu kuwa ba ita ke zaɓa ba. Ka tuna yadda abin yake faruwa da safe. Kun sauko daga mota da kayan gwajin yashi (wanda ake haƙa rami a cika shi da yashi don a san yadda burji ya dannu), wato kwalbar yashi da farantin ƙarfe da kurfi da guduma, shugaban leburori ya taho da fara'a ya ce, "Injiniya, bismillah, nan ma ya yi." Inda ya nuna ɗin tsakiyar hanya ne, inda tifofi suka kwana biyu suna bi da lodi bayan rola ta gama nata. Wurin sumul, yana ƙyalli, kurfi ma da ƙyar yake shiga. Gefen hanya kuwa, inda direban rola ke tsoron matsawa kada ta zame, da inda aikin jiya ya haɗu da na yau, ba wanda zai kai ka can. Sau da yawa ba mugunta ba ce. Kowa abinsa mai kyau yake nunawa. Amma ka dubi ɗan kasuwar da ke sayen shinkafa shanshera: ba ya barin mai kaya ya nuna masa buhun da zai soka, kuma ba ya tsayawa a bakin buhu, har gindi yake kai ƙarfen. Mu da ke karɓar aikin miliyoyin naira bai kamata mu gaza shi tsantseni ba.

Gyaran wannan ba ya cin ko kwabo. Raba sashen mita 500 gida biyar, mita 100 kowanne, don kada ramukan su taru wuri ɗaya. A kowane gida ka fitar da lamba biyu ta ƙuri'a. Kalkuletar da ka yi jarrabawa da ita tana da maɓallin da ke ba da lamba tsakanin 0 da 1. Ta farko ta tsawo ce, ta biyu ta faɗi. Idan ka samu 0.37 da 0.82, ramin yana mita 37 daga farkon gidan, kuma 0.82 sau 7.3, kusan mita 6 daga gefen hagu. Ka rubuta lambobin a littafi kafin ka taka wurin, kuma bayan rola ta fita, ba kafin nan ba. Idan an san wurin tun da wuri, nan za a yi ta zagayawa da rola. In ka ɗauki abu ɗaya tak daga amsar nan, to ya zama wannan, domin duk lissafin da ke tafe a kansa ya dogara.

Tunanin nan ya samu gindin zama ne bayan babban gwajin hanya na AASHO, ƙungiyar hukumomin hanyoyi na jihohin Amurka, da aka yi a garin Ottawa na jihar Illinois a Amurka tsakanin 1958 da 1960. An gina hanyoyin gwaji ƙarƙashin sa ido mai tsanani, amma duk da haka da aka tara sakamakon gwaje-gwajen kayan aiki da na dannewa, sai aka ga sun warwatsu fiye da yadda kowa ya zata, da yawa ma sun fita daga iyakar da aka gindaya. Daga nan injiniyoyi suka yarda cewa bambanci ɗabi'ar ƙasa da tsakuwa da kwalta ce, ba za a kore shi da umarni ba, sai dai a auna shi a rage shi.

Ga yadda ake auna shi. Zan ƙirƙiro sassa biyu don misali, iyaka 95 kamar taku.

Sashe na farko ya ba da 96, 97, 96, 97 da 96.5. Matsakaici 96.5.
Sashe na biyu ya ba da 101, 95, 99, 95 da 100. Matsakaici 98.

Duk ramukan goma sun ci. Wanda ke duba matsakaici kaɗai zai ce na biyu ya fi. Yanzu ka fitar da ma'aunin warwatsuwa, wanda kalkuleta ke nunawa da harafin s. Ka cire matsakaici daga kowane sakamako, ka ninka abin da ya rage da kansa, ka tara, ka raba da adadin ramuka ban da ɗaya, sannan ka ɗauki saiwar lambar. A sashe na farko jimlar ita ce 1.0, a raba da 4 ya ba da 0.25, saiwarsa 0.5. A na biyu tazarar ita ce 3, 3, 1, 3 da 2, in an ninka kowacce da kanta an tara, 32, a raba da 4, 8, saiwarsa 2.83. Sai tambaya ta gaba: tsakanin matsakaici da iyaka, s nawa za su shiga? A na farko 1.5 a raba da 0.5, ya ba da 3. A na biyu 3 a raba da 2.83, ya ba da 1.06. Wannan lambar ake kira Q, kuma akwai jadawali da ke juya ta zuwa kashin aikin da ke cikin iyaka, gwargwadon yawan ramukan. Ga ramuka biyar, Q na 3 yana nufin kusan duk sashen yana sama da 95. Q na 1.06 kuwa yana nufin kimanin kashi 85 ne ke sama, wato ana sa ran kusan kashi 15 na sashe na biyu yana ƙasa da iyaka, ko da yake ba ramin da ya faɗa can. A cikin murabba'in mita 3,650, wannan ya haura murabba'in mita 500 na shimfiɗa mai rauni. Ina kyautata zaton irin wannan ne sashenku na bara, idan ba matsalar ruwa ba ce, wadda zan zo kanta.

Lambar da za ka riƙe a ka: ga ramuka biyar, sai Q ya kai 1.23 kafin a ce kashi 90 na cikin iyaka. Ga huɗu, 1.20. Wannan yana da daɗi ga ɗan kwangila mai hankali, domin yana nuna masa hanya biyu. Idan s ɗinsa 2 ne, dole matsakaicinsa ya kai kusan 97.5. Idan ya gyara aikinsa s ya sauko 0.8, matsakaicin 96 ya ishe shi. Daidaita aiki ya fi ƙona gas ana ta maimaita rola araha.

A Amurka har kuɗin biya suke ɗaurawa a kan wannan. Wani lissafi da ya yaɗu daga jagorar AASHTO (sunan da ƙungiyar AASHO ta koma daga baya) shi ne 55 a haɗa da rabin kashin da ke cikin iyaka: mai 90 ya karɓi kuɗinsa cif, mai 85 ya karɓi kashi 97.5, mai 100 ya samu ƙarin kashi 5. Tsarin yana da kyau, amma a ra'ayina bai kamata mu yi gaggawar ɗauko shi ba. Ranar da kowace ɗigo a takarda ta zama kuɗi, matsin da ke kan yaro mai haƙa rami zai ninka, kuma idan sikelinsa bai daidaita ba, rigima za a yi ta yi a kan kuskuren sikeli. Bayan haka, ba ka da ikon ƙin karɓar aiki da ma'aunin da babu shi a takardar kwangila. Abin da kake da iko a kai shi ne ka lissafa s da Q, ka rubuta su a gefen rahoto, ka kai wa injiniyan da ke kula da aikin ka ce, "Ranka ya daɗe, sashen nan ya ci, amma a warwatse yake, ina neman izinin ƙara rami biyar." Da wuya shugaba nagari ya hana ka.

To me ke warwatsa sakamako a ƙasarmu? Na farko ruwa. Gwajin da Ralph Proctor ya fito da shi a 1933 ya nuna kowace ƙasa tana da damshin da ta fi dannuwa a kai. In ya gaza ba ta haɗuwa, in ya wuce ta riƙa motsi ƙarƙashin rola kamar katifa. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Birnin Kebbi da Jega, tankar ruwa za ta yayyafa, gireda ta juya, kafin rola ta iso ƙarshen sashen saman ya bushe. Ɗebo burjin a hannunka ka dunƙule. Idan ya riƙe siffar yatsunka, ka karya shi ya rabu biyu ba tare da ya marmashe ba, tafinka kuma bai jiƙe ba, yana kusa da daidai. Yi haka da ƙarfe takwas na safe, ka sake da ƙarfe biyu na rana a ƙarshen layi, za ka ji bambancin kafin ɗakin gwaji ya faɗa maka. Maganinsa a gajarta tsawon da ake jiƙawa a lokaci guda, rola ta bi tanka kusa da kusa, a kuma rubuta lokacin da aka danne kowane wuri a gefen sakamakonsa.

Na biyu ramin da ake ɗebo burji. Burjin sama da na ƙasa ba ɗaya ba ne. Da an yi zurfi sai tsakuwa ta ragu, yumɓu ya ƙaru. Ka'idojin ma'aikatar ayyuka ta tarayya na 1997 sun nemi CBR, wato ma'aunin ƙarfin ƙasa na ɗaukar nauyi, na aƙalla 30 ga shimfiɗar ƙasa bayan an jiƙa samfurin, da 80 ga shimfiɗar da kwalta ke hawa, kuma garin da ke wuce rariya mafi laushi kada ya haura kashi 35. Ramin burji ɗaya yana iya cika wannan a watan farko ya kasa a na uku. Kuma ga inda abin ke shafar lissafinka kai tsaye: kashin dannuwa ana samun sa ne ta raba abin da ka auna a fili da lambar Proctor, wato dannuwa mafi girma da burjin ya kai a ɗakin gwaji. Idan burji ya canza ba a sake Proctor ba, kana rabawa da lambar wata ƙasa daban. Shi ya sa idan na ga 101, 103, 104 suna yawa a rahoto, ba murna nake yi ba, tambaya nake yi yaushe aka yi Proctor na ƙarshe, kuma da wane ƙarfi. A gwajin Proctor, guduma mai kilo 2.5 da ke danne samfuri a hawa uku, bugu 27 kowanne, daban take da mai kilo 4.5 a hawa biyar, bugu 27. Ma'aunin Afirka ta Yamma da muke yawan amfani da shi yana tsakaninsu, kilo 4.5, hawa biyar, bugu 10. Kashi 98 na mai sauƙi yana iya gaza kashi 95 na mai nauyi.

Na uku yadda ake yanka sassan. Lissafin s yana da ma'ana ne kawai idan sashen abu ɗaya ne: burji ɗaya, rola ɗaya, yini ɗaya, ƙasa iri ɗaya a ƙarƙashi. Hanyar da ta taso daga jigawa ta gangara fadamar gulbin Rima ta ratsa ƙasa biyu da ba su da haɗi. Kada a zuba sakamakonsu a kwando ɗaya. Ko a wajen zane haka ake yi. Jagorar Overseas Road Note 31 ta Ingila, wadda aka rubuta don ƙasashe masu zafi, ta ce a raba hanya zuwa sassa masu kama da juna, a kowane sashe kuma a yi zane da ƙarfin da kashi 90 na gwaje-gwajen suka kai ko suka wuce, ba da matsakaici ba.

Akwai kayan aiki guda da nake so ka fara gobe, takarda ce kawai a bango. Walter Shewhart ne ya ƙirƙiro shi a 1924 don masana'antar kayan tarho. Bayan ka tara sakamakon sassa 20 zuwa 25, ja layi a tsakiya a kan matsakaicinsu, ka ja ɗaya sama ɗaya ƙasa, kowanne nisan s uku na waɗannan matsakaitan. Kullum ka ɗiga sakamakon ranar. Idan aiki yana tafiya a kan ɗabi'arsa, kusan 997 cikin 1,000 na ɗigon za su faɗa tsakanin layukan. Wanda ya fita, wani abu ya faru, a nemo shi a ranar. Haka kuma idan bakwai ko takwas suka jeru a gefe ɗaya na layin tsakiya, ko suka riƙa gangarowa a hankali, ko da duk suna sama da 95. Galibi za ka tarar an sauya direban rola, ko na'urar girgizarta ta mutu ana ta birgima kawai, ko tanka ɗaya ta lalace, ko an koma wani ɓangare na ramin burji. Iyakar kwangila tana gaya maka aiki ya riga ya ɓaci. Takardar bangon nan tana gaya maka ya kama hanyar ɓaci, tun ana iya gyarawa da kuɗi kaɗan.

Ƙididdiga tana kuma tona rahoton da aka rubuta a ƙarƙashin bishiya. Shi kansa gwajin yashi yana da nasa kuskuren: yashin ya sha damshi, iskar hunturu ta kwashe garin ƙasa daga faranti, ramin bai kai kaurin shimfiɗar ba, wani dutse ya fito a bango. Mutum biyu masu gaskiya ba za su samu lamba ɗaya a ramuka biyu maƙwabta ba. Don haka rahoton da wata guda cur yake ba da 97.8, 98.0, 98.1, kullum, ba alamar ƙwarewa ba ce. Ƙasa ba ta yin haka. Idan ɗan kwangila yana da nasa ɗakin gwaji, ku riƙa raba samfuri ɗaya biyu lokaci-lokaci, kowa ya gwada nasa, wani lokacin a kai kaso na uku wani ɗakin gwaji mai zaman kansa, kamar na sashen injiniya a wata babbar makaranta. Idan nasu kullum yana sama da naku, ko da da kaɗan ne, akwai abin dubawa a sikeli ko a yashi.

A kan kwalta lissafin ɗaya ne, sai dai iyakar biyu ce. Man kwalta in ya yi yawa hanya ta yi taushi a bazara, taya ta tona mata kwari. In ya yi kaɗan tsakuwa ta riƙa zubewa. A gwajin Marshall, na auna ingancin haɗin kwalta, wanda ake yi a digiri 60, ana neman gurbin iska na kashi 3 zuwa 5 a haɗin saman hanya. Sai ka lissafa Q na sama da Q na ƙasa, ka haɗa kashin da ya fita ta kowane gefe. Ka auna zafin kowace tifa a gaban injin shimfiɗa, domin wadda ta yi doguwar tafiya ba tampol ita ce za ta ba ka wurin da bai dannu ba, kuma wuraren yanko samfurin kauri ma ƙuri'a ce za ta zaɓe su.

Sai dai ƙuri'a ba ta maye gurbin ido. Bayan kwalbati da bakin gada, inda babbar rola ba ta shiga, da duk inda ka ga tsakuwa ta ware ko ƙasa tana numfashi ƙarƙashin taya, waɗannan ba a jiran ƙuri'a ta faɗa kansu. A ware su, a gwada su daban, kada kuma a zuba sakamakonsu cikin lissafin sashen. Kuma akwai abin da dannewa ba ta magani. Idan magudana ta toshe ruwan Agusta ya kwanta a gefen hanya, burji mai kashi 100 ma zai yi laushi. Gwajin AASHO ɗin nan ya nuna ɓarnar gatarin mota (ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da na dama) tana hawa fiye da nauyin da ke kansa nesa ba kusa ba, idan nauyin ya ninka biyu ɓarnar takan ninka kusan 2 sau 2 sau 2 sau 2: gatari mai tan 16 yana yin ɓarnar kusan gatari 16 masu tan 8.

Game da sashenku na bara, kada ka tsaya a zato. Nemi izini ka ɗauki sandar DCP, wadda ake bugawa cikin ƙasa don auna ƙarfinta, mai guduma kilo 8 da ke faɗowa daga milimita 575, ka buga a wuraren da suka lotsa da kuma wuraren da suka tsaya lafiya, aƙalla goma-goma, kana rubuta nisan kowanne daga gefen hanya da daga magudana. Idan raunin yana cikin shimfiɗar burji kuma a warwatse yake nan da can, matsalar dannewa ce ko kayan da aka zuba. Idan yana ƙasa da burjin, kuma ya bi gefe ɗaya ko ya taru inda hanya ta fi kwari, ruwa ne. Sannan ka ɗauko tsohon rahoton sashen, ka fitar da s da Q daga lambobin da ke ciki, ka duba ko an rubuta ainihin inda aka haƙa kowane rami.